Jirgin Takarda Mai Fukafukai Hawa Uku da Na Gani a Landan

A kwana na huɗu da saukata a Landan kawuna, wanda ya ba ni masauki kuma ya hana ni taɓa aljihuna, ya kai ni gidan adana kayan kimiyya da ke Kensington ta Kudu. Ba a karɓar ko kwabo a ƙofa, amma sun fanshe a wurin shayi, domin kuɗin kofi ɗaya zai ciyar da mutum biyar a teburin mai shayin unguwarmu a Kano.

A zauren jiragen sama na tsaya cak gaban jirgin da wani Baturen Ingila, Alliott Verdon Roe, ya ƙera a 1909. Fukafukansa uku ne, ɗaya bisa ɗaya kamar kantar shago, wutsiyar ma hawa uku ce. Jikinsa katako ne, kuma saboda ƙarancin kuɗi da takarda aka lulluɓe fukafukan. Injinsa ƙirar kamfanin JAP mai ƙarfin doki 9 ne, wato bai wuce na babur ɗin ɗan acaba ba. Sunan da ke jikinsa, Bulls Eye, na madaurin wando ne da ɗan'uwansa Humphrey yake sayarwa, wanda kuma shi ya tallafa masa da kuɗi. Ranar 13 ga Yuli 1909 jirgin ya tashi ya yi tafiyar kimanin mita 30, bayan kwana goma ya kai kusan mita 280.

Na ce, "Kawu, ai zabuwa ma ta fi wannan nisa." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka lissafa da kyau, shekara 16 kacal tsakanin wannan da saukar jirage a Kano a 1925." Sai na ja bakina na yi shiru.

Washegari muka nufi fadamar Walthamstow, inda Roe ya haɗa jirgin a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. A hanya na yi wa wani ma'aikaci gaisuwa har sau biyu, bai amsa ba, ya nuna mini allo da yatsa kawai, abin da ko yaro ba zai yi wa baƙo a gida ba. Mun samu gadar, muka karanta shuɗin allon da aka kafa don tunawa da shi, ruwa ya sauko, muka koma tasha da gudu takalmana cike da taɓo.