Gwaje-gwajen da suka ɓace a hanyar ƙaura

Kamfanin da nake yi wa aiki yana da manhajar lissafi wadda ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata ke amfani da ita. A cikinta ake rubuta ajiyar kowane mamba, da bashin da ya ci, da abin da za a cire daga albashinsa a ƙarshen wata. Da harshen kwamfuta na Python da tsarin gina manhaja na Django aka rubuta ta, kuma shekara da shekaru da nose, wata manhajar gudanar da gwaje-gwaje, ake gwada ta. Ga wanda ba sana'arsa ba ce, gwaji a nan ɗan guntun kod ne da ke yi wa manhaja tambayar da an riga an san amsarta: wanda ya ci bashin kaza, zai biya cikin wata kaza, nawa za a cire masa? In amsar ta dace allo ya nuna kore, in ta saɓa ya nuna ja. Da wannan koren muke kwana da kwanciyar hankali idan mun taɓa wani abu a cikin lissafin kuɗin mutane.

Ba sha'awar sabon abu ce ta sa muka bar nose ba. Fitowarsa ta ƙarshe, wato 1.3.7, tun 2015 ce. Muna kan Python 3.7, shi kuma aka daina yi masa gyaran tsaro a watan Yunin 2023. Da muka ɗora Python 3.10, nose ya faɗi tun kafin ya gudanar da gwaji ko ɗaya, domin yana neman `collections.Callable`, abin da aka riga aka cire daga wurin. Sai aka ce in mayar da komai kan pytest, wata manhajar gwaji da ke yin irin aikin nose.

Ranar farko abin ya zo da sauƙi. Na sa pytest da pytest-django, na cire django-nose daga saiti, na gyara wasu 'yan wurare da suka yi ƙorafi, kafin la'asar komai ya koma kore. Har ma ya fi da sauri. Na je wajen shugaban sashenmu, dattijo ne mai ƙarancin magana, na ce masa an gama. Ya ce, "Madalla, Malam. Guda nawa suka gudana jiya, guda nawa yau?" Na ce ban duba ba. Ya ce, "To je ka duba, sannan mu yi magana."

Na koma kan tsohuwar kwamfutar da har yanzu ke ɗauke da Python 3.7, na sa nose ya jero sunayen duk gwajin da yake gani ba tare da ya gudanar da su ba, na sa pytest ma ya yi haka da `--collect-only`. Da na jera takardun biyu gefe da gefe, sai gabana ya faɗi. Gwaje-gwaje masu yawa ba sa cikin sabon jerin. Saurin da na yi murna da shi, saurin wanda ya zubar da rabin kayansa a hanya ne.

Na kwana biyu ina bin sawunsu. Wasu suna cikin fayiloli masu suna `tests.py`, sunan da Django kansa ke ba fayil ɗin idan an buɗe sabon sashe. nose yana ɗaukar kusan duk abin da ke da kalmar `test` a farkon sunansa ko bayan ƙaramin layin ƙasa. Shi kuwa pytest, in ba a gaya masa ba, fayilolin da suka fara da `test_` ko suka ƙare da `_test.py` kaɗai yake dubawa. Layi ɗaya a cikin saiti, `python_files`, ya dawo da waɗannan. Wasu kuma rukunan gwaji ne da aka ba su `__init__`, wato kod ɗin da ke gudana idan an ƙirƙiri rukunin. Pytest ba ya ɗaukar irinsu, gargaɗi kawai yake rubutawa a ƙasa, a tsakiyar tulin gargaɗin da idona ya saba tsallakewa.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu `yield`. A zamanin nose, idan kana son gwada abu ɗaya da misalai talatin, sai ka rubuta madauki, kowane zagaye ya fitar da misali guda da `yield`, nose ya lissafa kowanne a matsayin gwaji mai zaman kansa. pytest ya daina gudanar da irin wannan tun fitowarsa ta 4.0 a 2018. A sigar da muke da ita lokacin, ba ya faɗuwa a kansu, sai dai ya sa musu alamar `xfail`, wato abin da dama ake sa ran ba zai wuce ba, ya ƙi taɓa su, ya ci gaba. A ƙarshe injin da ke gwada kod ɗinmu duk lokacin da aka tura sabo ya ga babu abin da ya faɗi, ya nuna kore. Kusan duk lissafin cirar bashi da `yield` aka gwada shi, saboda shi ne mai misalai da yawa. Wurin da kuskure zai fi cutar da mutane, nan ne ya zauna babu mai gadi, allo kuma yana cewa lafiya lau.

Da ba a yi mini waccan tambayar ba, da haka za mu tafi wata da watanni.

Daga nan na sauya salo. Na daina ƙoƙarin yin komai a lokaci guda. pytest yana iya gudanar da tsoffin gwaje-gwajen da aka gina kan `unittest.TestCase`, tsarin gwajin da ke zuwa tare da Python, yadda suke, don haka matakin farko shi ne kawai in ga kowane suna da ke tsohon jeri ya bayyana a sabo, ba tare da na ƙawata komai ba. Masu `yield` na mayar da su `pytest.mark.parametrize`, hanyar pytest ta gwada abu ɗaya da misalai da yawa, misali bayan misali, ina ƙirgawa. A nan na gano cewa `parametrize` ba ya aiki a cikin rukunin `TestCase`, dole sai an fito da gwajin waje ya tsaya da ƙafarsa. Na kuma sa wa kaina doka: gyaran da ke ƙaura da gwaji daban, gyaran da ke taɓa manhajar daban, ba na haɗa su a turawa ɗaya. Idan aka haɗa kuma wani abu ya yi ja, ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Mai duba maka aiki ma ba zai sani ba.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Na ɗauka bayan an dawo da waɗanda suka ɓace sauran aikin juya kalmomi ne kawai, `assertEqual(a, b)` ya koma `assert a == b`, da sauransu. Wata ƙanwata a wurin aiki, wadda ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba, ita ke duba abin da na tura. Wata rana ta leƙo ta ce, "Yaya, wannan `approx` ɗin da ka sa, har nawa yake yafewa?" Na mayar da `assertAlmostEqual` zuwa `pytest.approx` a ko'ina, dukansu na duba ko lambobi biyu sun kusa zama ɗaya ne, ina ganin ɗan juma ne da ɗan jummai. Ba haka ba ne. Na farkon yana duba bambanci har zuwa gurbi bakwai bayan ɗigo, komai girman lambar. Na biyun, in ba ka faɗa masa ba, yana yafe kashi ɗaya cikin miliyan na lambar da ake sa rai. A kan naira dubu ɗari biyar, kobo hamsin ke nan. A kan jimillar ajiya ta naira miliyan goma, naira goma cur za ta iya ɓacewa gwaji ya ce daidai. A wurin ma'ajin ƙungiya kuwa, naira goma da ba a san inda ta shiga ba tana iya hana rufe littafin wata. Muka koma muka sa iyaka da hannu a kowane wuri, kuma maganar ta kai mu ga tambayar da ta fi wannan: me ya sa tun farko ake lissafin kuɗi da `float`, mai iya kawo ɗan kuskure bayan ɗigo, a waɗannan wuraren, alhali ga `Decimal` da ya fi dacewa da kuɗi? Wannan ya zama aiki na daban, aka rubuta shi a jerin abin da za a yi, ban cusa shi cikin ƙaura ba.

Akwai kuma abin da ƙaurar ta tono wanda ba ita ta haifar ba. Na ci karo da layuka irin `assertTrue(cira, 4500)`. Wanda ya rubuta yana nufin cirar ta zama 4500. Amma abu na biyu a cikin `assertTrue` saƙo ne kawai da za a nuna idan gwaji ya faɗi, ba a kwatanta shi da komai. Muddin cirar ba sifili ba ce, gwajin zai wuce, ko da naira ɗaya ce ko miliyan. Shekaru yana nan yana ƙara yawan kore. Sai da na zo juya shi, na ga zai zama `assert cira, 4500`, sannan idona ya buɗe. Ban ga laifin wanda ya rubuta ba, kuskure ne da kowa ke iya yi da ƙarfe goman dare. Abin da ya dame ni shi ne babu wani abu a tsarinmu da zai taɓa nuna shi.

Matsalar jeri ba ta ɗauke ni lokaci ba. A cikin `TestCase` ana gudanar da gwaje-gwaje bisa jerin haruffan sunayensu, amma da zarar an fito da su waje sai pytest ya bi yadda aka rubuta su daga sama zuwa ƙasa. Wasu kaɗan suka faɗi domin ashe suna dogara da abin da na gabansu ya bari. Muka gyara su, muka sa pytest-randomly ya riƙa cakuɗa jerin kowane lokaci.

A cikin misalan `yield` ɗin nan akwai wani da na kusa gogewa. Mamba ɗaya, an biya shi albashi sau biyu cikin wata guda, ranar farko-farkon wata da kuma wajen ashirin da wani abu, wata mai bi kuma babu komai. Babu bayani a kansa, sunansa ma lamba ce kawai. Na ɗauka kuskuren kwafi ne. Wanda ya rubuta shi ya bar kamfanin tun kafin in zo. Allah Ya sa na tambayi wata Hajiya da ke kula da hulɗarmu da ƙungiyoyin, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. Tana gani ta ce, "Ai wannan na Sallah ne, ɗana." Ta bayyana mini cewa akwai shekarar da albashin wani wata ya makara har ya shiga wata na gaba, sannan aka biya na watan da wuri saboda Sallah ta matso. Biya biyu suka faɗa wata ɗaya a kalanda. Manhajar a lokacin tana duba ranar da kuɗi ya shigo ne, ba watan da albashin yake wakilta ba, sai ta ɗauki na biyun a matsayin maimaici ta ƙi cire bashi, wata mai bi kuma ta rubuta mutane a cikin waɗanda suka kasa biya. Ta ce sun yi mako suna ba mutane haƙuri a waya, wasu dattawa har ofis suka zo da takardar albashinsu a hannu.

Na daɗe ina kallon wannan layi bayan ta tafi. Duk abin da ya rage na wancan makon, da fushin mutanen, da daren da wani ya kwana yana gyara, shi ne wannan misali guda marar suna. Kuma yana cikin waɗanda pytest ya tsallake a ranar da na ce an gama. Tun daga lokacin na daina kallon tsoffin gwaje-gwaje a matsayin kaya masu nauyi da za a sauke a sabon gida. Wanda duk ban gane dalilinsa ba, sai na tambaya, ko in bi tarihinsa a Git, ma'ajiyar tarihin kod ɗinmu, in ga ranar da aka ƙara shi da abin da aka gyara tare da shi.

Kafin mu rufe aikin, shugaban sashen ya ce in yi abu ɗaya: in lalata manhajar da gangan. Na buɗe reshe na daban na kod ɗin, na juya alamar tarawa ta koma ta ragewa a lissafin cira, na gudanar da gwaji. Ja. Na mayar, na sauya "ya kai ko ya fi" zuwa "ya fi" a wurin duba iyakar bashi. Kore. Babu gwajin da ke duba mutumin da ya nemi daidai iyakar, ba sama ba ƙasa. Na rubuta shi. Haka na yi ta yi yini guda, wuri bayan wuri, a tsohon tsari da sabo, ina tabbatar da cewa duk ɓarnar da nose ke kamawa pytest ma yana kama ta. Daga baya na san akwai manhajoji irin mutmut da ke yin wannan da kansu, amma ban yi nadamar yinsa da hannu a karon farko ba, domin a ranar ne na san manhajarmu fiye da duk shekarun da na yi ina aiki a kanta.

A watan Janairun 2024 pytest 8 ya fito, ya daina kiran `setup` da `teardown` irin na nose, masu shiri kafin gwaji da share fage bayansa, waɗanda sigar 7 ke lallaɓawa. Wannan karon ba mu sha wahala ba, mun riga mun mayar da su `fixture`, hanyar pytest ta yin wannan aikin, tun da gargaɗin ya fara fitowa, don yanzu ana karanta gargaɗi a wurinmu. Har yau akwai fayiloli da dama da ke kan `TestCase` na Django, kuma ba ni da niyyar taɓa su; suna aiki, kowa yana gane su. Mun ƙara ɗan mataki a injin gwaji wanda ke ƙirga abin da aka gudanar, idan adadin ya ragu daga na jiya sai ya tsaya har wani ya rubuta dalili. Misalin nan kuwa na ba shi suna, `albashi_biyu_a_wata_daya_kafin_sallah`, na rubuta abin da Hajiya ta gaya mini a samansa cikin layi huɗu, na kai mata ta karanta, ta gyara mini wuri ɗaya.