Hidimar da Ƙungiyarmu ta Masu Fatsa Ke Yi wa Kogi

Lokacin da 'yan ƙungiyarmu suke ɗauka suna yi wa kogi hidima ya fi wanda suke ɗauka suna jefa ƙugiya a cikinsa, kuma wannan ne abin da na fi alfahari da shi tun da na shiga cikinsu. Irin fatsar da muke yi ba a maƙala mata tana ko wani abinci. Ƙugiya ce zalla ake ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba da siririn zare, har ta yi kama da ƙwarin da tirawut, wani kifin kogunan ruwan sanyi, yake ci a saman ruwa ko a ƙarƙashinsa. Da yake wannan ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai kai shi nesa, igiyar ce ake yi mai nauyi, ita ce kuma take ɗaukarsa idan aka kaɗa sanda. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin marubucin nan na Rum mai suna Aelian ya bayyana, wajen shekara ta 200 miladiyya, yadda mutanen Makidoniya suke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, su kama kifi da shi.

Idan hunturu ya shiga aka rufe kamun kifi don a bar tirawut ya zuba ƙwai, sai zamanmu ya koma ɗaki. Kowa yana zuwa da ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙugiya da almakashi da ƙunshin gashi, a zauna a gefen dogon tebur ana ɗauri. Akwai wani dattijo a cikinmu da hannunsa ya fara rawa saboda shekaru, amma da zarar ya kama zare sai rawar ta lafa. Yakan ɗauki gashin wuyan zakara guda ɗaya, ya fige lallausan da ke gindinsa, ya ɗaure tushen a bayan idon ƙugiya, sannan ya zagaya da shi a hankali har silin gashin su miƙe tsaye kamar ƙafafun ƙwaro. Idan sabon shiga ya cika wa ƙugiya kaya, ba ya yi masa faɗa. Yakan ce masa ya warware ya rage rabi, domin ƙwaron da ke cikin kogi siriri ne, kifi kuma ya fi mu saninsa. A wurinsa na koyi ɗaurin da Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a Ingila, ya ƙirƙiro, wanda babu komai a jikinsa sai siririyar wayar tagulla da 'yan silin gashin jelar wani tsuntsun dawa, amma har yau yana cikin ɗaurin da aka fi kama kifi da su a duniya.

Koyar da jifa kuwa a fili muke yinta, a kan ciyawa, da guntun ulu a madadin ƙugiya don kada wani ya ji rauni. Abu ɗaya ne yake ba kowane sabo wahala, wato haƙurin jiran igiya ta gama miƙewa a baya kafin a turo sanda gaba.

Aikin da na fi ba muhimmanci shi ne ƙidayar ƙwarin ruwa. Mun ɗauko tsarin ne daga wanda ƙungiyar Riverfly Partnership ta Birtaniya ta ƙaddamar wa masu fatsa a 2007. Sau ɗaya a wata mutum biyu suke zuwa wurin da aka ba su, ɗaya ya shiga ruwa ya kafa raga kusa da ƙafafunsa ta inda ruwa yake gangarawa, ya riƙa burkuta tsakuwa da takalmi har minti 3, sannan a ƙara minti 1 ana ɗaga duwatsu ana duba ƙarƙashinsu da hannu. Abin da raga ta tara sai a juye shi a farin faranti mai ɗan ruwa. Da farko ba ka ganin komai sai laka da tarkacen ganye, amma idan ruwan ya kwanta sai farantin ya fara motsi: ga masu jela uku suna iyo, ga masu faɗin jiki sun manne a ƙasa, ga wata tsutsa da ta gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi tana jan sa duk inda za ta. Ana rarraba su rukuni 8, a ƙiyasta yawan kowanne, a rubuta, a mayar da su ruwa.

Amfanin wannan rubutu yana fitowa ne ranar da yawan ƙwarin ya ragu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗannan ƙwari su ne suke fara mutuwa idan maganin feshi ko ƙazantar magudana ta shiga kogi, tun kafin a ga kifi ko ɗaya ya taso. Gubar takan wuce cikin 'yan sa'o'i, ta yadda jami'in da ya zo ɗibar ruwa bayan kwana biyu ba zai tarar da komai a kwalbarsa ba, alhali raguwar ƙwarin tana nan makonni tana ba da shaida. Babu hukumar da take da ma'aikatan da za su tsaya a kowane rafi kowane wata. Masu fatsa kuwa suna can dama, kuma ina ganin duk ƙungiyar da take cin moriyar kogi ba tare da ta ɗauki wannan nauyi ba ta gaza a kan abin da ya wajaba a kanta.

Sau da yawa a shekara mukan haɗu da ƙungiyoyin maƙwabta a taron yanki. Akwai gasa, wadda ake bin ƙa'idojin da suka yi kama da na gasar duniya da aka fara a Luksambur a 1981: ana raba gaɓar kogi da ƙuri'a, ana amfani da ƙugiya marar ƙaya, alƙali ya auna tsawon kifi a sake shi nan take. Ina girmama gwanayen gasa, kuma na koyi abubuwa da kallonsu, amma ba ita ce take kai ni taron ba. Abin da nake zuwa nema shi ne zaman da ake yi bayan an ajiye sanduna, inda mutanen saman kogi da na ƙasansa suke kwatanta littattafan ƙidayarsu, su gano ko matsalar da wani ya gani ta gangaro ne daga wurin wani.

A irin wannan zama ne ake ta nanata maganar tsabtace kaya, domin mai fatsa da ke yawo daga kogi zuwa kogi yana iya ɗaukar cuta a takalminsa. A kogin Madison na jihar Montana a Amurka an tabbatar da ɓullar wata cuta mai sa ƙananan kifi juyawa a wuri ɗaya a 1994, kuma a wasu sassan kogin ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na wani jinsin tirawut. A New Zealand kuma an ga wata gansakuka mai shimfiɗuwa a ƙasan ruwa a 2004, har ta sa aka haramta wa masu fatsa takalmin da tafinsa yake riƙe danshi a 2008. Shi ya sa ba a barin kowa ya shiga ruwa a taronmu sai an duba kayansa an tabbatar an wanke su sun bushe. Haka nan mun amince a tsakaninmu cewa idan ma'aunin zafi ya nuna ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, kowa ya naɗe igiyarsa, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe isasshiyar iskar shaƙa, kifin da aka gajiyar a cikinsa kuma yana iya mutuwa ko da an sake shi.

Maganar da har yanzu ba mu daidaita a kanta ba ita ce ta zuba kifin kiwo a kogi. Wasu daga cikinmu suna so a ci gaba, kuma hujjarsu ba abin rainawa ba ce: yaron da ya wuni bai kama komai ba da wuya ya dawo, ƙungiya kuma ba ta ɗorewa sai da sababbin shiga. Ni ina ɗaya ɓangaren. Mutum 16 da suka kafa Trout Unlimited, ƙungiyar kare kifin tirawut da kogunansa, a bakin kogin Au Sable na jihar Michigan a 1959 sun taru ne saboda rashin gamsuwa da wannan al'ada. Daga baya binciken da masanin kifi Dick Vincent ya yi a kogin Madison ya nuna cewa kifin asali yana ƙaruwa sosai idan aka daina zuba na kiwo, abin da ya sa Montana ta daina zuba shi a kogunanta a 1974. Shawarar da zan kai babban taronmu na gaba ita ce a bar kifin kiwo a tafki, inda yara za su koya su kuma kama, a karkatar da kuɗin da ake kashewa wajen sayensa don kogi zuwa dasa itatuwa masu inuwa a gaɓa da wanke tsakuwar da tirawut yake zuba ƙwai a kai. Na san dattijon da ya koya mini ɗauri ba ya tare da ni a kan wannan, kuma na yi niyyar in same shi mu tattauna tun kafin ranar ƙuri'a.