Ƙanƙara a cikin bututun gas, a tsakiyar zafin Neja Delta

Har yau idan na ji injiniya ya ce "ai nan ƙasar zafi ce, ba ruwanmu da ƙanƙara", sai raina ya ɓaci. Wannan maganar ce ta tsayar mana da masana'antar sarrafa iskar gas ɗungurungum a wata damina, kuma saura ƙiris ta ci rai.

Tun a wajen zane aka shuka matsalar. A zanen farko akwai tankin metanol, sinadarin da ke hana wannan ƙanƙara kamawa, da famfonsa, da 'yar kafar da za a riƙa tsarta shi cikin bututu kafin gas ya shiga sashen sanyayawa. Da aka zo zaman rage kuɗin kwangila sai aka soke shi. Hujjarsu ita ce akwai hasumiyar gilaikol, sinadarin da ke tsotse ruwa, tun daga farko, za ta shanye danshin gas tas, to me za a yi da metanol? Mu da za a danƙa wa wurin, mu riƙa kwana a kansa, muka ce a bar shi ko don ɓacin rana. Aka ce mana ba a Tekun Arewa muke ba, ba kuma a Siberiya ba. Aka ja layi a kan takarda, aka wuce.

Abin da mai wannan magana bai kula da shi ba, ƙanƙarar da ke kamawa a bututun gas, wadda ake kira haidiret, ba ƙanƙarar ruwa ba ce da sai sanyi ya kai sifiri. Ruwa ne yake kama ƙwayoyin gas ya daskare da su idan matsi ya yi yawa, kuma a matsin bar 70 zuwa 80 (bar shi ne ma'aunin matsi) yana iya kamawa a digiri 15, har sama da haka. Sanyin ma ba daga sama yake saukowa ba, mu muke ƙera shi da hannunmu. Duk gas ɗin da ya ratsa bawul matsinsa ya faɗi, zafinsa ma faɗuwa yake yi, kusan rabin digiri a kan kowane bar guda. Ka sauke bar 30, ka zubar da wajen digiri 15 ke nan, balle gas ɗin da ya riga ya bi ta na'urar musayar zafi, wadda ke fara sanyaya shi. Kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1934 wani mai bincike, Hammerschmidt, ya nuna cewa wannan abin ne yake toshe bututun gas a Amurka.

Daren da abin ya faru ni ne shugaban masu aikin dare. Ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai rijiyoyi suka turo mana tarin ruwa da mai a lokaci guda, tukunyar rarrabewa ta farko ta kasa riƙe shi, mai ya tsallaka cikin hasumiya. Wanda ya san gilaikol ya san ba ya shiri da mai. Nan take ya yi kumfa, ya fara bin gas yana ficewa, wanda ya rage kuma ya koma tukunyar dafawa, inda ake ƙafar da ruwan da ya sha, jiƙe sharkaf, har zafinta ya kasa tsayawa a digiri 200. Mun ga duk wannan, muna kuma kokawa da shi. Abin da ya rufe mana ido shi ne na'urar auna danshi. Lamba ɗaya take nunawa, mai kyau, ba ta motsi. Ashe ta daɗe da mutuwa a tsaye, takardar sayo kayan gyaranta tana can tana yawo daga wannan ofis zuwa wancan.

Wajen ƙarfe biyu na dare bambancin matsi tsakanin bakin na'urar musayar zafi da bayanta ya fara hawa. Na fita da tocila. Jikin bawul ɗin sauke matsi ya yi fari fat, yana wani kuka da ban saba ji ba, gas yana wucewa da ƙyar yana tsayawa. A wannan lokacin da akwai metanol, maɓalli ɗaya zan danna, a rage gudun gas, a ba gilaikol lokaci ya dawo hayyacinsa. Babu. Ina tsaye ina kallon daidai wurin da ya kamata a ce kafar tana nan, sai santsin ƙarfe. Kafin asuba bututu ya toshe gaba ɗaya, masana'anta ta tsaya, gas ya koma bututun ƙonawa, wuta ta haske daji.

Sai waya daga birni. Wani babba ya ce in buɗe ta gaba in zubar da matsin, abin zai narke da kansa, masu sayen gas suna jira. Na ce, "Oga, ba zan buɗe gefe ɗaya ba." Ya ɗaga murya, na maimaita. Wani dattijon ma'aikaci mutumin Ribas yana gefena, ya gyaɗa kai kawai, ya je ya tsaya a bakin bawul ɗin don kada wani ya taɓa. Haidiret daga jikin bututu yake fara narkewa, ya saki ƙarfe ya zama dunƙule. Idan bayansa akwai matsi mai yawa, gabansa kuma babu, zai fita da gudun da zai iya fasa gwiwar bututu, ya tafi da duk wanda yake kusa. Haka nan ba a kawo masa wuta ko tururi a tsakiya, domin dunƙule ɗaya yana ɗauke da gas da ya ninka girmansa sau 160 ko fiye, kuma idan ya saki gas ɗin a wuri rufaffe, bututu ne zai biya. Ina alfahari da wannan ƙin da na yi, ba zan ɓoye ba.

Ta gefe biyu muka sauke matsin, a hankali, bar bayan bar, muna daidaita su. Aka nemo durom-durom na metanol daga wata masana'anta, muka ɗura da famfon hannu ta kafar ma'aunin matsi. Kwanaki aka ɗauka. Da muka buɗe rariyar da ke gaban bawul, na ga abin da idona: fari, kamar ƙanƙarar da ake kankarewa a tsohon firiza, yana tsit-tsit yana fashewa a kan safar hannu, yana warin gas.

Ga wanda zai zauna a teburin zane, kada ya yarda a ce na'ura ɗaya ta isa kare sashen sanyi. Gilaikol zai yi kumfa wata rana, famfonsa zai tsaya, tukunyarsa za ta huce. Tambayar ita ce me ke hannun mai aikin dare a wannan sa'ar. A ba tukunyar rarrabewa ta farko girman da za ta iya haɗiye tarin ruwan da rijiya take turowa, a sa matatar da za ta kama ɗigon mai kafin hasumiya. Gilaikol ɗin da yake shiga ya ɗara gas zafi da 'yan digiri, in ba haka ba mai zai tsatsafo a ciki. Lambar da ba ta motsi a allo kuwa abin zargi ce. Yanzu duk wanda ya kama aiki a ƙarƙashina sai ya fita ya auna danshi da na'urar hannu, ya rubuta, ya sa hannu.

Nakan tuna 'yan'uwanmu da za su riƙe tashoshin sauke matsi a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Daren hunturu a Zariya ko Kano ya fi na Delta sanyi nesa ba kusa ba. Su duba da kyau cewa na'urar ɗumama gas kafin bawul tana cikin zane, kuma ba a soke ta a zaman rage kuɗi ba.

Mu dai daga baya an saka mana tankin metanol ɗin. Sai da aka sake tsayar da masana'anta, aka wanke bututu da nitirojin, aka kawo masu walda, aka kashe ninkin abin da aka ce an rage tun farko. A rahoton binciken kuma, soke shi da aka yi a wajen zane layi ɗaya ya samu, can ƙasan shafi na ƙarshe.