Cinque Terre: Suna Ɗaya, Ƙauyuka Biyar

Daga tashar La Spezia na hau jirgin ƙasa mai zuwa Levanto, a gaɓar tekun Liguria da ke arewa maso yammacin Italiya. Cinque Terre na nufa, sai dai babu gari ko tasha mai wannan suna. Cinkwe Terre ake furta shi. Cinque biyar ce, terre kuwa jam'in terra, wato ƙasa, amma a tsohon yayi ƙauye ake nufi da ita. Ƙauyukan a jere, in an taso daga La Spezia, su ne Riomaggiore, Manarola, Corniglia, Vernazza da Monterosso. Tikiti da masauki duk da sunan ƙauye ake nemansu.

Nan baƙi ke ruɗewa. Masu otal a Levanto da Portovenere sukan laƙaba sunan a tallarsu, alhali ba sa cikin biyar ɗin, ko da yake UNESCO ta haɗa da Portovenere lokacin da ta sa yankin cikin kayan tarihi na duniya a 1997. A mulki kuma ƙananan hukumomi uku ne: Manarola tana ƙarƙashin Riomaggiore, Corniglia ƙarƙashin Vernazza.

Kafin minti goma mun isa Riomaggiore, yawancin tafiyar ta cikin ramin dutse. Tikitin takarda sai an buga masa hatimi a na'ura kafin a hau, in ba haka ba akwai tara.

Corniglia ce ta fi kwanta min a rai. Ita kaɗai ce a kan tsauni, jirgin ruwa ba ya tsayawa a can, kuma daga tasha sai an hau matakala kusan 380, ko a jira ƙaramar bas. Daga sama ake ganin abin da ya haɗa ƙauyukan: gonakin inabi hawa-hawa a jikin dutse, katangun da aka jera ba siminti suna riƙe da ƙasa. In manomi ya bar gona, katanga ta zube, ruwan sama sai ya kwaso laka ya gangaro. Ambaliyar 25 ga Oktoba 2011 ta binne titin Vernazza da taɓo, kuma zaftarewar duwatsu ta rufe Via dell'Amore, hanyar ƙafa tsakanin Riomaggiore da Manarola, daga 2012 har 2024.

Hanyar ƙafa daga Corniglia zuwa Vernazza sai an sayi katin shiga ake bin ta a lokacin baƙi, kuma an hana bin ta da silifa. Da takalmi sau-ciki na bi ta, na sauka Vernazza da la'asar.