Esin motata

Yau da azahar na tsaya gareji, don esin motata ya kwana biyu yana huro iska kamar daga bakin tanda. Makaniken ya shafa ruwan sabulu a jikin bututu, sai ga kumfa na tashi, gas na zurarewa ke nan. Ya kasa kunne ya ji kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin, na gurnani, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, magana biyu ce. Ko mu leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa mu nemo wani kwamfireson ɗan Beljiyam, a toshe yoyon a sake ɗura gas, ko in kwance shi gaba ɗaya in sa maka gajeren bel ka huta." Da ya faɗi kuɗin gyaran sai da na ja numfashi. Dama tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban cika kunna shi ba, gilashi nake saukewa.

Har na buɗe baki zan ce a cire, sai idona ya faɗa kan mahucin kaba da Inna ta manta a kujerar baya ranar da na kai ta asibiti. A cunkoson Kurna tana ta fifita, gumi ya jiƙa mata mayafi, amma ko sau ɗaya ba ta ce zafi ba. Na ce, "Malam, bar shi a wurinsa tukuna, sai ƙarshen wata." Ashe ba don kaina nake son esin nan ba.