Godiya ga waɗanda suka bar ni na tauna taura biyu

Alhamdulillahi. Masu ta tambayata a WhatsApp yadda neman gurbin karatuna ya kaya, ga amsar wuri ɗaya: makarantar likitancin mutane ta ba ni gurbi, ta likitancin dabbobi ma ta ba ni, duk a nan Amurka.

A nan ba kamar gida ba ne da ake shiga MBBS (digirin likitancin mutane) ko DVM (na dabbobi) kai tsaye bayan JAMB. Sai ka gama digirin farko na shekara 4 tukuna ka nema. Darussan aji da makarantun biyu ke buƙata kusan ɗaya ne, kemistiri da bayoloji da fiziks, shi ya sa na ga zan iya haɗawa. Wahalar tana ga abin da ake buƙata a waje da aji. Makarantun dabbobi suna son ka yi aiki a ƙarƙashin likitan dabbobi har ya rubuta maka wasiƙar shaida. Na mutane kuwa suna son aikin sa-kai a asibiti da jarrabawar MCAT, wadda zamanta ya haura awa 7. Ga fom biyu na neman gurbi, AMCAS na makarantun mutane da VMCAS na makarantun dabbobi, kowanne da kuɗinsa, kuma makarantun da ke karɓar baƙo irina ba su da yawa.

Baba, Allah ya ƙara girma. Na san shanun da suka bar garke zuwa kasuwar Potiskum domin kuɗin fom da na tafiya ganawa, ko da ba ka taɓa faɗa mini ba. Kawu ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma ka ce a bar yaro ya gwada haƙoransa. Kawu, kai ma na gode, ai tsoron kada maganarka ta tabbata ne ya hana ni barci.

Godiya ta musamman ga likitar da ta riƙa ɗaukata zuwa gonakin shanun madara cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Ita ta koya mini gane cikin saniya da hannu, kuma ba ta taɓa nuna gajiya da tambayoyina ba. Sai 'yan'uwa na masallacinmu da suka yi ta kai ni asibiti lokacin ba ni da mota. Allah ya saka muku da alheri.

Na zaɓi likitancin dabbobi. Umma, na san farar riga a asibitin mutane kika yi mini fata, ki yi haƙuri. Cutar anthrax da ta ɓulla a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023, da haukan kare, da tarin fukan da ake ɗauka daga ɗanyar madara, duk ta jikin dabba suke isowa gidajenmu. Ni a can nake so in tare su, tun ba su kai ga gadon asibiti ba.

Za mu fara karatu a watan Agusta in Allah ya kai mu. Akwai sauran shekara 4 a gaba, don haka kada ku sauke hannu daga addu'a.