Bado da kainuwa a akwatin gilashi: daga tabki zuwa ɗaki

Wanda ya taɓa zuwa tabkin Madarunfa, kusa da Maraɗi, a ƙarshen damina ya ga yadda bado ke shimfiɗa ganye a kan ruwa, kainuwa na yawo a gefe. Badon nan ɗan'uwan wanda ake sayarwa da tsada a shagunan kifin ado na Turai ne, asalin wancan ɗin ma Afirka ta Yamma ce. Samun tsiro ba wuya a Maraɗi. Abin da ke biyo shi gida ne aikin.

A ɗebo daga watan Satumba zuwa Oktoba, kafin tabkuna su fara ja da baya. A sa takalmin roba da safar hannu, domin ruwan kwance gidan tsargiya ne, ƙwayarta kuma ta fata take shiga. Tushen bado biyu masu tauri da kainuwa uku sun ishi akwatin gilashi na kifin ado mai lita 60. Mai laushi ko wari a bar shi can. Ciyawar nan marar saiwa mai ganye kamar allura, wadda masana ke kira Seratofilum, ƙulli ɗaya ya wadatar, don saurin tsironta ya fi na kowa.

Kada tsiro ya wuce kai tsaye cikin akwati. A juya kowane ganye, a duba bayansa: wani abu mai yauƙi, garai-garai, manne kamar majina, ƙwan katantanwa ne, a kankare shi da farce. Ita katantanwar da ta fito daga tabki, ba ƙwan ba, ita ke iya sakin ƙwayar tsargiya a ruwan ɗaki. Akwai kuma matsattsaku, da tsutsar mazari mai cinye ƙananan kifi ɗaya bayan ɗaya. Sai a jiƙa tsiron a ruwan alif, babban cokali ɗaya cikin lita 4, kwana 2 zuwa 3, a ɗauraye sosai. Wasu na amfani da ruwan jabel, wato bilic, kashi 1 cikin kashi 19 na ruwa, minti 2 kacal, amma yana ƙona ganye mai taushi. Ni ban ga dalilin kasadar ba. Daga nan a ajiye shi a bokiti shi kaɗai, wuri mai haske, mako uku. Gaggawa a nan ce ke ɓata komai.

Ƙasan akwati: laka santimita 2, a rufe da yashin gulbi wankakke santimita 4. Taki ko kashin kaji kada ya shiga, ruwa zai yi kore ya yi ɗoyi cikin kwanaki. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe, sinadarin kulorin ya fice.

Tushen bado ba a binne shi duka. A nutsa rabinsa, kan da ke tsiro yana waje, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Da zarar ganye ɗaya ya kai saman ruwa, sauran za su bi shi su toshe haske, don haka mai son gajeren bado ya riƙa yanke dogon ganye daga gindi. In ya zubar da ganye duka ya yi shiru, a taɓa tushen: matuƙar da tauri, hutu yake yi, kamar yadda ya saba in tabki ya ƙafe.

Kainuwa kuwa murfi ne ajalinta. Raɓar da ke ɗigowa daga gilashi tana ruɓar da ganyenta. A bar saman a buɗe, a kuma rage ta duk mako kada ta rufe fiye da rabin ruwa.

Fitilar LED awa 6 zuwa 8 ta isa. Hasken rana kai tsaye gansakuka yake kawowa, ga zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, ruwan akwati na haura 30, iskar numfashi ta ragu a ciki. Ƙaramar fanka mai kaɗa saman ruwa tana sauke shi kaɗan, sai dai za a riƙa ciko kullum. Da hunturu, a rufe da yadin gidan sauro saboda ƙura. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a canza shi duk mako.

Batun kifi: karfasa da tarwaɗa a manta da su, ɗaya na cin ganye da tono, ɗaya na tuge saiwa. Ƙananan kifi da ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba su ne daidai, su ma sai tsiro ya yi mako biyu zuwa uku ya kama ƙasa.